Ƙabar Saman Ciki: Tambayoyi da Amsoshi kan Dalilinta, Alamominta da Maganinta

Mece ce ƙabar saman ciki?

Tsakanin ƙirji da ciki akwai wata faffaɗar tsoka mai kama da kifaffen kwano, wadda take sauka ta hau duk lokacin da mutum ya ja numfashi ya saki. Ita ce tantanin numfashi. Bututun abinci, mai tsawon kusan santimita 25, yana saukowa ta bayan zuciya, ya ratsa wata 'yar kafa a jikin tantanin, sannan ya haɗu da jakar abinci da ke ƙarƙashinsa. Idan kafar ta buɗe fiye da kima, kuma jijiyoyin da ke riƙe bututun a wurin suka saki, sai saman jakar abinci ya kutsa ta cikin kafar ya hau ƙirji. Wannan ita ce ƙabar saman ciki, wadda a asibiti ake ce mata hayatal haniya. Ba ta yin ƙulli a waje kamar ƙabar matsematsi ko ta cibiya, don haka ba a ganinta da ido, ba a kuma jinta da hannu.

Me ya haɗa ta da ƙwannafi?

Abubuwa uku ne suke hana asid ɗin jakar abinci komowa sama. Na farko wata tsoka ce a ƙarshen bututun, tsawonta santimita 3 zuwa 4, wadda take tsuke bakinsa bayan an haɗiye. Na biyu shi ne tantanin numfashi kansa, wanda yake matse bututun ta waje daidai inda waccan tsokar take. Na uku kuwa kusurwar da bututun yake yi wajen shiga jakar, wadda take aiki kamar murfi. A lafiyayyen mutum duka ukun suna wuri guda, suna ƙarfafa juna. Da zarar jakar ta zamo sama, tsokar ta rabu da tantanin, kusurwar ta miƙe, sai kuma a samu ɗan aljihu a saman tantanin inda asid yake taruwa. Duk lokacin da mutum ya haɗiye, ko ya sunkuya, ko ya kwanta, asid ɗin aljihun nan ba shi da nisa da bututun, sai ya kwarara ciki. Zafin da ake ji a ƙirji ke nan.

Duk iri ɗaya ce?

A'a, kuma sanin irin da mutum yake da ita shi ne mabuɗin komai. Kashi huɗu ce.

Iri na farko ita ce mai zamewa: mahaɗar bututu da jaka ce take hawa sama, wani lokaci ta sauko da kanta. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ƙabar wannan suke da ita. Matsalarta asid ce, kuma yawanci magani da gyaran halin rayuwa sun wadatar.

A iri na biyu mahaɗar tana nan a mazauninta, amma ƙoƙon saman jakar ya naɗo ta gefen bututun ya shige ƙirji. Iri na uku ya haɗa biyun: mahaɗar ta hau, jakar ma ta naɗo. A iri na huɗu kafar ta yi faɗin da har wani abu daban, kamar babban hanji ko saifa, yake bin jakar zuwa ƙirji. Waɗannan ukun ana haɗa su a kira su ƙabar gefen bututu. Su ba asid ne babban abin tsoronsu ba. Jakar tana iya maƙalewa ko ta murɗe. Maganin sha ba ya hana wannan.

Me yake kawo ta?

Shekaru ne kan gaba. Jijiyoyin da ke ɗaure bututun da tantanin suna rasa danƙonsu a hankali, shi ya sa aka fi samunta bayan shekara 50. Sai duk abin da yake ƙara matsi a cikin ciki na tsawon lokaci: ƙiba, musamman teɓa; juna biyu; tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa; yunƙuri a bayan gida saboda taurin ciki; yawan amai; ɗaukar kaya masu nauyi tare da riƙe numfashi. Wasu da kafa mai faɗi aka haife su. Wasu kuma bayan haɗari ko wata tiyata da aka taɓa yi a wurin take fitowa. Yaji ko tsami ba sa huda tantani. Suna tsananta zafi ga wanda yake da ita, amma ba su suke kawo ta ba.

Waɗanne alamomi ake ji?

Mutane da yawa ba sa jin komai, sai an je ɗaukar hoto don wani abu daban a ci karo da ita. Masu ji kuma, abin ya danganta da iri.

Mai zamewa tana zuwa da ƙwannafi da gyatsa mai tsami. Mutum ya ci abincin dare ya kwanta ba da jimawa ba, can tsakar dare ya farka da ruwa mai ɗaci a maƙogwaro, yana tari kamar ya shaƙe, sai ya tashi zaune kafin abin ya lafa. Da safe murya a dishe, baki da ɗaci. Ko ya sunkuya ɗaure igiyar takalmi bayan cin abinci, sai ya ji abincin ya taso masa. Ga wasu, busasshen tari ko asmar da take tashi da dare ne kaɗai alamar, wasu kuma likitan haƙori ne yake fara lura cewa asid ya cinye bayan haƙoransu.

Babbar ƙabar gefen bututu halinta daban ne. Loma kaɗan sai mutum ya ji ya cika. Bayan cin abinci ƙirji ya yi nauyi, numfashi ya yi gajere saboda cikakkiyar jakar tana danne huhu, wani lokaci har zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Abinci yana tsayawa a hanya. Abin lura shi ne, wani zai ce ƙwannafin da ya yi shekaru yana fama da shi ya ɗauke, sai wahalar haɗiya ta maye gurbinsa. Wannan ba sauƙi ba ne, sau da yawa alama ce ta ƙabar ta girma ta lanƙwasa bututun.

Ta yaya zan bambance ta da ciwon zuciya?

A gida ba za ka iya bambancewa da tabbaci ba, kuma kada ka gwada. Bututun abinci da zuciya maƙwabta ne, jijiyoyin da ke kai saƙon zafinsu suna bin hanya kusan ɗaya. Ciwon ƙirji mai danna kamar an ɗora dutse, wanda yake zuwa lokacin tafiya ko hawa bene, ko yake bi zuwa hannu, wuya ko muƙamuƙi, tare da gumi ko sarƙewar numfashi, a ɗauke shi ciwon zuciya ne har sai gwaji ya nuna ba haka ba. Jin sauƙi bayan shan maganin asid ba hujja ba ce. Masu ciwon suga da tsofaffi da mata su suka fi fuskantar wannan ruɗani, domin bugun zuciya yakan zo musu kamar ɓacin ciki kawai.

Ita ce olsa?

Ba ita ba ce. Olsa gyambo ne a bangon jakar abinci ko farkon ƙaramin hanji, yawanci daga ƙwayar cutar Helikobakta ko magungunan kashe zafi. Ƙaba kuwa gocewar wuri ce. Magungunansu na rage asid iri ɗaya ne, shi ya sa mutum kan shekara da shekaru yana shan maganin olsa ba tare da an taɓa leƙa cikinsa ba. Ana iya samun su tare.

An ce jinina ya yi ƙasa. Yana da alaƙa?

Yana iya kasancewa, kuma wannan abu ne da ake yawan tsallakewa. A babbar ƙaba, bangon jakar yana goguwa da gefen kafar a kowane numfashi, sai a samu wasu siraran raunuka a tsaye da ake kira raunukan Cameron. Suna tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan, ba a gani a bayan gida, har sinadarin ƙarfe na jiki ya ƙare. Mutum ya riƙa gajiya, jiri, haki. Ana ba da maganin ƙarin jini da na rage asid, amma idan jinin ya ci gaba da sauka, wannan kaɗai ya isa dalilin tiyata. Sai dai kafin a ɗora laifin a kan ƙaba, ya kamata a duba babban hanji, musamman ga wanda ya manyanta.

Wane gwaji ake yi?

Endoskofi shi ne na gaba. Ana daina ci awa 6 zuwa 8, a fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro ko a ba da na sa barci kaɗan, a zura siririn bututu mai kyamara. Minti 10 zuwa 15 an gama. Likita yana auna tazarar da ke tsakanin mahaɗar da inda tantanin ya matse. Idan ta wuce santimita 2, ƙaba ce. Yana kuma ganin ko asid ya ƙone bututun, ko ya tsuke shi, ya ɗebi ɗan nama idan akwai buƙata.

Hoton bariyum, inda ake shan wani farin ruwa mai kauri ana ɗaukar hoto yana sauka, ya fi nuna girman ƙabar da yadda jakar ta kwanta. Idan ana shirin tiyata, ana ƙara gwaji biyu: na auna ƙarfin matsawar bututun, da na auna asid tsawon awa 24 ta wata siririyar waya da ake bi da ita ta hanci. Kafin na biyun yawanci ana dakatar da maganin asid na kwana 7 aƙalla. Kada a raina gwajin ƙarfin bututun. Akwai wata cuta, akalashiya, da take kama da wannan a alamomi, wadda idan aka yi wa mai ita tiyatar ƙaba haɗiya za ta gagare shi gaba ɗaya.

Me zan gyara da kaina?

Abubuwa uku ne suka fi tasiri, sauran ƙari ne. Rage ƙiba, idan akwai ta. Ko kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki aka sauke ana jin bambanci. Barin awa 3 tsakanin loma ta ƙarshe da kwanciya. Sai ɗaga kan gado da santimita 15 zuwa 20.

Wannan na ukun ana yawan yin sa ba daidai ba. Jibga matasai uku ƙarƙashin kai yana lanƙwasa mutum ne a ƙugu, ya ƙara matse ciki, ya bar wuya da ciwo. Abin da ake so gangar jiki duka ta gangaro daga kafaɗa zuwa ƙugu: a sa katako ko bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado biyu na wajen kai, ko a sa matashi mai siffar gangare a ƙarƙashin katifa. A kwanta ta gefen hagu, domin a haka mahaɗar tana saman ruwan da ke cikin jakar. Ta dama kuwa tana nutsewa a ciki.

Daga nan a rage yawan abin da ake ci a zama ɗaya, a raba shi sau huɗu ko biyar. A daina taba. A sassauta bel da duk tufa mai matse ciki. A magance taurin bayan gida. Wajen ɗaukar kaya a durƙusa da gwiwa, a riƙa fitar da numfashi lokacin ɗagawa.

Wane abinci zan daina?

Ba sai ka haramta wa kanka rabin abin da ake ci ba. Waɗanda aka fi kuka da su su ne abinci mai maiƙo, soye-soye, kofi, cakulan, na'a-na'a, barasa, lemon kwalba mai gas, tumatir, 'ya'yan itace masu tsami da yaji. Amma jiki ya bambanta. Ka yi mako biyu kana rubuta abin da ka ci da lokacin da zafi ya taso, ka cire abin da ya maimaita kansa, ka bar sauran. Madara tana sanyaya ƙirji na ɗan lokaci, daga baya maiƙonta da furotin ɗinta su sa jakar ta ƙara zubo asid, don haka ba maganin dare ba ce.

Waɗanne magunguna ake amfani da su, kuma yaya ake shansu?

Hawa huɗu ne. Masu kashe kaifin asid nan take, na tsotsa ko na ruwa, suna aiki cikin mintuna amma ba sa daɗewa. Masu sinadarin aljinet, irin su Gaviscon, suna yin kumfa mai kauri da take yawo a saman abin da ke cikin jakar, ta rufe wancan aljihun asid. Ana shansu bayan abinci da lokacin kwanciya, kuma sun dace da ƙaba sosai. Sai famotidin, yawanci miligiram 20 sau biyu a rana, wanda ƙarfinsa yakan ragu idan ana sha kullum. Ɗan'uwansa ranitidin an janye shi daga kasuwa a ƙasashe da dama a 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka gano a cikinsa.

Mafi ƙarfi su ne dangin omefrazol: omefrazol miligiram 20, lansofrazol 30, fantofrazol 40. Kuskuren da ya fi yawa a nan lokacin sha ne. Maganin yana kashe ƙananan famfunan da suke zubo asid a bangon jakar ne a daidai lokacin da abinci ya tashe su, don haka ana shansa minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Wanda ya sha da dare a kan cikin da ba za a ƙara sa masa komai ba, ko yake sha sai zafi ya taso, ya zubar da rabin amfaninsa. Yakan ɗauki kwana 3 zuwa 5 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, kuma zagayen farko mako 4 zuwa 8 ne. Duk waɗannan suna rage asid ne kawai, ba sa mayar da jakar mazauninta.

Shan su shekara da shekaru ba illa?

Ga wanda bututunsa ya ƙone sosai, ko ya tsuke, ko fatar cikin bututun ta sauya, amfanin ya fi haɗarin nesa ba kusa ba. Doguwar sha tana iya rage maganiziyam da bitamin B12, tana ɗan ƙara yiwuwar wasu cututtukan hanji, shi ya sa ake neman mafi ƙarancin adadin da yake riƙe mutum. Idan za a daina, a janye a hankali cikin makonni, domin yankewa lokaci guda tana sa asid ya dawo da ƙarfi na ɗan lokaci, mutum ya zaci ciwon ne ya tsananta. Mai shan kilofidogirel na tsinka jini ya gaya wa likita, don omefrazol yana rage masa aiki.

A kuma duba sauran magungunan da ake sha. Ibufrofen, diklofenak da asfirin suna cin bangon ciki. Doksisaikilin da alendronet suna ƙone bututun idan suka tsaya a hanya, sai a sha su da cikakken kofin ruwa, a zauna a miƙe na minti 30 aƙalla. Wasu magungunan hawan jini, kamar nifedifin da amlodifin, suna sassauta tsokar bakin bututun. Kada a daina su da kai, a tattauna da likita.

Motsa jiki ko tausa na iya mayar da ita?

A'a. Kafar da ta buɗe ba ta tsukewa da tausa, ɗamara, tsalle ko wani jiƙo. Atisayen numfashi da ciki yana ɗan rage ƙwannafi ga wasu, iyakarsa ke nan.

Yaushe ake tiyata?

A mai zamewa, sai idan an sha magani yadda ya kamata amma abinci bai daina tasowa ba, ko yana faɗawa huhu yana jawo nimoniya, ko mutum ba ya jure maganin. Wanda magani yake yi wa aiki kan ƙwannafi shi ya fi jin daɗin tiyata. Wanda bai taɓa jin wani sauƙi ba, a sake bincike tukuna, wataƙila ba asid ne damuwarsa ba.

A ƙabar gefen bututu, duk mai alamomi ana ba shi shawarar gyara. Wanda ba ya jin komai, musamman tsoho mai wasu cututtuka, ana iya sa masa ido, domin yiwuwar ta rikiɗe ta zama ta gaggawa kusan 1 cikin 100 ne a shekara.

Yaya ake yin aikin?

Yawanci ta ƙananan huji huɗu ko biyar, kowanne milimita 5 zuwa 12, bayan an hura iskar kabon a ciki don a samu fili. Likita yana janyo jakar ƙasa, ya ɓare siririyar fatar da ta lulluɓe ƙabar daga ƙirji, ya saki bututun har santimita 2.5 zuwa 3 nasa ya zauna a ƙarƙashin tantanin ba tare da ja ba. Wannan matakin shi ne ginshiƙi. Idan bututun ya gajarce aka ɗinke a kan ja, ƙabar za ta koma. Sai a ɗinke gefunan kafar biyu da zare marar narkewa, wani lokaci a ƙara raga. A ƙarshe a naɗe ƙoƙon saman jakar a jikin ƙarshen bututun don ya zama sabon murfi.

Naɗin zagaye cikakke, digiri 360, shi ne na Nissen, sunan likita Rudolf Nissen da ya fara yin sa a 1955. Na Toupet digiri 270 ne ta baya, kuma ya fi sauƙin haɗiya da gyatsa. An fara yin na Nissen ta ƙananan huji a Beljiyam a 1991. Ga mai ƙiba sosai, tiyatar karkatar da hanyar abinci takan fi dacewa, domin naɗi ba ya daɗewa a ƙarƙashin matsin teɓa. Ga marar ƙarfin da ba zai jure dogon aiki ba, ana iya kafe jakar a bangon ciki kawai don kada ta murɗe.

Me zan tarar bayan tiyata?

Kwana 1 zuwa 3 a asibiti. Ciwon kafaɗa na kwana biyu ko uku daga iskar da aka hura, tafiya tana rage shi. Ana farawa da ruwa-ruwa, sai abinci mai laushi, a koma na yau da kullum cikin mako 4 zuwa 6. Wurin yana kumbure, don haka ƙaramar loma, tauna sosai, a guji burodi, busasshen nama da abin sha mai gas. Kada a ɗauki abin da ya wuce kilo 5 har mako 6. Tashin zuciya abokin gaba ne a makonnin farko, domin kakarin amai yana iya ɓalle ɗinkin. A nemi maganinsa da wuri.

Wahalar haɗiya takan wuce cikin wata biyu zuwa uku. Idan ta wuce haka, ko ruwa ma ba ya wucewa, ana iya buɗa wurin ta endoskofi. Kumburin ciki, kasa gyatsa da yawan tusa su ne ƙorafin da ya fi daɗewa.

Tana dawowa?

Tana dawowa, musamman babba. A hoto, bayan shekara 5, ana iya ganin ta leƙo ga kusan rabin waɗanda aka yi wa gyaran babbar ƙaba, sai dai yawanci ƙarama ce, ba ta damun mutum, kuma kaɗan ne suke buƙatar a sake aiki. Ƙiba, taba, tari da ɗaukar nauyi da wuri su ne suke jawo ta.

Tana zama kansa?

Ƙabar kanta ba ta zama. Asid na shekaru ne yake sauya fatar ƙarshen bututun a wasu mutane, abin da ake kira bututun Barrett, kuma ƙasa da mutum 1 cikin 100 na masu wannan sauyin ne yake kamuwa da kansa a shekara. Ana bibiyarsu da endoskofi duk shekara 3 zuwa 5, idan an ga ƙwayoyin sun fara lalacewa a ƙone wurin ko a ɗauke shi ba tare da buɗe ciki ba.

Waɗanne alamomi ne ba a jira da su?

Abinci yana maƙalewa kuma abin yana ƙaruwa, rama ba dalili, ko amai da ya ƙi tsayawa: a ga likita cikin kwanaki, a nemi endoskofi. Aman jini ko mai kama da garin kofi, da baƙin bayan gida mai danƙo kamar kwalta: asibiti a ranar.

Mafi haɗari ita ce murɗewar jakar abinci. Ciwo mai tsanani ya taso farat ɗaya a ƙirji ko saman ciki, mutum yana ta kakari amma babu abin da yake fitowa sai yawu, ko ruwa ba ya wucewa. Jini ya daina isa bangon jakar ke nan, kuma cikin awoyi naman yana iya mutuwa ya fashe. Kada a ba shi abinci, ruwa ko maganin asid, kada a jira gari ya waye. A kai shi sashen gaggawa, kuma tun a bakin ƙofa a faɗa musu yana da ƙabar saman ciki, don a yi hoton ƙirji da na siti sikan a kira likitan tiyata.